Malamin Daji Da Kujerar Kansila

Da an ambaci Daura, hankalin mai karatu sai ya tafi garin Bayajida da rijiyar Kusugu. To, ba can na nufa ba yau. Akwai wata Daura a ƙasar Karaye, yammacin Jihar Kano, wadda ba ta cikin littattafan tarihin da ake koya wa yara a makaranta, kuma da wuya a ji sunanta a rediyo in ba lokacin zaɓe ba. Dalilin da ya sa na ɗauke ta misali shi ne mazaɓa ce, ɗaya daga cikin mazaɓu 484 da ke cikin ƙananan hukumomi 44 na wannan jiha, kuma doka ta ba mutanenta ikon su tsayar da mutum guda, su tura shi majalisar ƙaramar hukumar Karaye ya zauna da yawunsu har shekara uku. Abin da nake so mu duba, ni da 'yan'uwana ma'aikata da ƙannenmu ɗalibai, shi ne wane irin mutum ya kamata mazaɓa irin wannan ta tura.

Ra'ayina dai ba ɓoyayye ba ne. Ina ganin mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron abin da yake na jama'a baki ɗaya, watau malamin daji, ko mai kula da lambunan gwamnati da gidajen renon itatuwa, ko duba-gari, ya fi yawancin waɗanda muke turawa dacewa da wannan kujera, kuma lokaci ya yi da irin waɗannan mutane za su daina noƙewa, su fito su nema. Na san akwai waɗanda za su yi dariya, su ce me ya haɗa mai ban-ruwan dashe da siyasa. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri su karanta zuwa ƙarshe, in dariyar tana nan sai su yi abarsu.

Mu fara da tambayar da ba kasafai ake yi ba: shin mene ne ma aikin ƙaramar hukuma? Tsarin Mulkin 1999 bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, sa'an nan Jadawali na Huɗu ya jera ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kafa maƙabartu da kula da su. Akwai kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da makewayin jama'a. Akwai hanyoyi da fitilun titi da magudanan ruwa, kuma a wannan layi ɗin aka ambaci lambunan shaƙatawa da gonakin furanni da filayen da aka bari domin jama'a su sha iska. Akwai kwashe shara, da raɗa wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Har wa yau an ce ƙaramar hukuma ta sa hannu cikin ilmin firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai. Duk mai natsuwa in ya karanta wannan jeri zai ga abu guda yana ta maimaituwa: mafi yawansa fili ne ko gini wanda ba shi da mai shi guda ɗaya. Na kowa ne, saboda haka in ba a ɗora wa wani alhakinsa ba, sai ya zama ba na kowa ba.

A nan ne mai suka zai ce, ai lambun shaƙatawa zancen birni ne, zancen unguwar Nasarawa da 'ya'yan manya masu zuwa gidan zu ranar sallah. Mutumin ƙauye da ke neman takin zamani da maganin zazzaɓi ina ruwansa da furanni? Gaskiya ne ba ruwansa da furanni. Amma kuskure ne babba a ce ƙauye ba shi da wurin shaƙatawa. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa, da inuwar ceɗiya ko durumi ta ƙofar gidan dagaci inda dattawa ke zaman hantsi, da filin Idi, da filin makarantar firamare inda samari ke buga ƙwallo da la'asar, da bakin kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, duk waɗannan su ne lambunan ƙauye. A ƙara musu maƙabarta, da burtali, da makiyaya, da mashayar dabbobi, da ɗan kurmin da mata ke shiga su samo itacen girki da kuka da ɗorawa. Kakanninmu suna da suna ga irin wannan fili tun kafin Bature ya zo da awo da taswira: hurumi. Malamanmu ma ba su bar zancen ba, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba, inda ya yi bayanin abin da mutum zai iya mallaka da abin da dole a bar wa jama'a. Ashe ke nan aikin da Jadawali na Huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma tsohon aiki ne, rigar ce kawai aka sake masa.

To, yaya hurumi yake ɓacewa? Ba da ganga ko shela ba. Manomi mai gona a bakin burtali bana ya ƙara kunya ɗaya, baɗi ya ƙara biyu, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ga ba a ce komai ba shi ma ya matso. Bayan shekara goma hanyar da garken shanu ke bi a sake ta koma ta mai keke. Ranar da saniya ta sa baki a dawar wani, sai a ce rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke, a kira 'yan sanda, alhali kuwa rikicin ya fara ne tun ranar da aka ja kunyar farko. Haka filin makaranta. Wani ya roƙi a bar shi ya kafa rumfar kara ya sayar da rake, rumfa ta zama ta kwano, ta kwano ta zama shagon bulo, daga nan sai ka ji wai akwai takarda. Maƙabarta ma ba ta tsira ba, kuma wannan shi ne ya fi ban takaici. A birnin Kano mun ga yadda batun yanka filaye da gina shaguna a jikin makarantu da masallatai da filin Idi ya zama babban abin jayayya, har ya kai ga rushe-rushen da aka yi a 2023. Wannan birni ke nan, inda akwai jaridu da lauyoyi da gidajen rediyo. A ƙauye abin yakan wuce shiru, sai dai tsofaffi su riƙa nuna wa jikokinsu da sanda suna cewa, da can duk nan fili ne.

Kada kuma a ɗauka ƙaramar hukuma ba ta da iko a kan wannan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon bayar da izinin mallaka irin na gargajiya a kan duk ƙasar da ba a ayyana ta birni ba, har zuwa hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, kafin a nemi amincewar gwamna. Jihar Arewa ta dā ma ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965. Doka dai ga ta nan jibge. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna a majalisa, ya san inda turakun iyaka suke, ya san wace takarda ce ta gaskiya wace ce ta jabu, ya kuma miƙe ya yi tambaya kafin a sa hannu.

Wannan ilmi kuwa wa yake da shi in ba malamin daji ba? Shi ne ya taka iyakar gandun daji da ƙafarsa, da rani da damina. Shi ne ya san cewa dasa itace ba wuya, rayar da shi ne aiki. Duk shekara muna ganin bikin dashen itatuwa: manya su zo da manyan riguna, a miƙa musu shebur mai ƙyalli, a ɗauki hoto, a watse. Ka koma wurin bayan wata shida, awaki sun gama da rabi, rani ya gama da sauran. Mutumin da ya yi aikin gidan reno ya san abin da ya kamata a ƙirga shi ne itacen da ya ga damina ta uku, kuma ya san cewa kuɗin dashen kansa shi ne mafi ƙanƙanta cikin lissafi. Babban kuɗin yana wajen shinge ko ƙayar kewayewa, da mai ban-ruwa na rani biyu, da mai gadi. Idan aka kawo kasafin kuɗi gaban majalisa aka ce an ware kaza domin sayen dashe dubu goma, ba a ware ko kwabo domin ruwa ba, kansilan da bai san aikin ba zai ɗaga hannu ya amince yana murna. Wanda ya sani zai ce a rage dashen zuwa dubu biyu, sauran kuɗin a sayi amalanke da jarkoki a ɗauki mutum. Wannan tunani ɗin ne ake bukata a kan rijiyar burtsatse da ake haƙawa ba a tanadi kuɗin gyara ba, da ɗakin shan magani da ake ginawa ba a san wanda zai zauna ciki ba. Ciwonmu a ƙasar nan ba na rashin gini ba ne, na rashin riƙo ne, kuma mai renon itace ya fi kowa sanin riƙo, domin abin da yake tsaro in aka yi sakaci da shi mako biyu mutuwa yake yi.

Ƙasar Karaye da Rogo tana da dalili na musamman da zai sa ta kula da wannan magana. A nan ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka gama a 1992, ɗaya daga cikin manyan madatsun da ke riƙe ruwan da ke gangarawa Kogin Haɗeja. Masana sun daɗe suna kokawa a kan yadda yashi da laka ke cike madatsun Jihar Kano, kuma ba asiri ba ne inda lakar take fitowa: daga gonaki da bakin rafuka da aka sare itatuwansu, ruwan sama ya zo ya wanke ƙasa ya tafi da ita. Manomi ya yi asarar ƙasarsa mai kyau, madatsa ta yi asarar zurfinta, mai kamun kifi da mai noman rani su biya bashin da ba su ci ba. Madatsar ta Gwamnatin Tarayya ce, amma kwazazzabon da ke cin gonar wani a bayan gari ba ministan da zai zo daga Abuja ya gan shi. Kansila ne zai gan shi, in yana da idon gani. Ga kuma buhunan gawayi da ake ɗorawa a motoci ana nufar birni da su, kowane buhu kuwa wani marke ne ko wata kaɗanya da ta yi shekara da shekaru tana girma. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, dabbobi suna ratsawa, itace yana ratsawa, saboda haka zancen burtali da daji a wannan yanki zancen zaman lafiya ne kai tsaye. Kada a manta kuma a Kusalla ne sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima yake, inda matasa daga kowane lungu na Nijeriya suke fara ganin Jihar Kano. Abin da suka gani a hanya, inuwa ko ƙura, shi za su kai gida labari.

Jihar Kano ta taɓa ganin amfanin shugaba mai tunanin ruwa da itace. Marigayi Audu Bako, Allah Ya jiƙansa, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ɗan sanda ne, ba injiniya ba, amma madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Bagauda, da gidan zu na Kano da ke ɗauke da sunansa, duk a zamaninsa aka yi su, kuma har gobe ana cin moriyarsu. Ya yi waɗannan ayyuka ne a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya nuna wa Arewa iyakarta. Abin da ya yi a sama da kuɗin jiha, ana bukatar mai yin irinsa a ƙasa da ɗan abin da mazaɓa take da shi.

Amma ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba, malamin daji yana da nasa tabon. A ƙauyuka da yawa, tun zamanin En'e, ba a tuna dogarin daji da alheri. Shi ne mai ƙwace gatari, shi ne mai cin tarar tsohuwa saboda ɗaurin itace, wani lokaci kuma shi ne mai kau da kai in babbar mota ta zo, muddin an ga bayan hannunsa. Wanda ya yi aikinsa haka, to, kada ma ya ɓata kuɗin fosta, mutane ba su manta ba. Akwai darasi a kan wannan daga maƙwabtanmu na Maraɗi. A Jamhuriyar Nijar dokar da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har manomi yana iya shan tara a kan itacen da ya tsiro a gonarsa. Me ya biyo baya? Manoma suka riƙa sassabe kowane toho tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu masu kaki. Daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoman Maraɗi cewa kututturan da ke gonakinsu suna da rai, in aka zaɓi toho biyu ko uku aka gyara aka bar su, za su zama itace ba tare da dashe ko ban-ruwa ba. Wannan ne suke kira sassabin zamani. Abin bai bazu sosai ba sai da hannun masu tara ya yi sanyi, manomi ya tabbata itacen nasa ne, daga baya kuma dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa masa gwiwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya, yawancinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma gawo ne kan gaba, itacen nan mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi wannan, da gatari da lauje irin namu.

Saboda haka ma'aikacin da zai nemi kujerar kansila dole ya tuɓe kakinsa tun daga ƙofar gari, na jiki da na zuci. A ofis ya saba da umarni daga sama, ya saba da cewa sai fayil ya dawo, ya saba da yi wa talaka magana ta taga. Kujerar kansila ba ta da taga. Gidansa ne ofishinsa, za a buga masa ƙofa da asuba saboda mai naƙuda, a tare shi a masallaci saboda kuɗin jarrabawar yaro. Wanda ba zai iya wannan ba, ilminsa na daji ba zai cece shi ba. Na sha ganin ma'aikata masu gaskiya da ƙwazo sun yi ritaya sun koma gida, amma ba su san sunan mai unguwarsu ba, ba a ganinsu a jana'iza ko ɗaurin aure, sa'an nan in zaɓe ya zo su riƙa ƙorafi wai jahilai sun mamaye siyasa. Wanda suke kira jahilin nan kuwa shi ne ya kwana a asibiti da ɗan maƙwabcinsa.

Sai babbar matsala, wadda in na tsallake ta na yi ha'inci. Zaɓen ƙananan hukumomi na farko bayan gyaran 1976 ba da jam'iyya aka yi shi ba, haka ma na Disamban 1987 a zamanin Janar Babangida. A irin wannan zaɓe tsohon malamin makaranta ko malamin gona yana iya tsayawa da sunansa da mutuncinsa kawai. Yau ba haka abin yake ba. Tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai jam'iyya ta tsayar da kai. Kuma kowa ya ga yadda sakamako yake fitowa. A zaɓen Janairun 2021 jam'iyyar APC, mai mulkin jihar a lokacin, ta lashe shugabanni 44 da kansiloli 484 duka. A na 26 ga Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP, mai mulki a lokacin, ita ma ta lashe 44 da 484 duka. Ba Kano kaɗai ba ce, kusan kowace jiha haka take yi, ko wace jam'iyya ce ke bisa kujera. Bugu da ƙari, a 2024 hukumar zaɓe ta jiha ta fara sanya naira miliyan 10 kuɗin takardar neman shugabancin ƙaramar hukuma, da miliyan 5 ta kansila, har maganar ta kai gaban kotu. Ina malamin dajin da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki da gaskiya zai samo miliyan biyar? In kuma bai kai ritaya ba, sai ya ajiye aikinsa kafin ya tsaya, ya sa abincin iyalinsa a caca. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na ganin laifin wanda ya auna ya ga ba zai iya ba.

Amma in an lura, abin da wannan yake nufi shi ne ainihin zaɓen kansila ba ranar jefa ƙuri'a ake yinsa ba. Ana yinsa ne tun watanni kafin nan, a zauren wani dattijon jam'iyya, inda mutum goma ko ashirin suke zama su fitar da suna. To, wannan zaure ba a sama yake ba, a cikin mazaɓa yake, kuma mutanen da ke cikinsa suna jin kunyar liman da dagaci da ƙungiyar ci gaban gari da ƙungiyar ɗalibai. In waɗannan suka haɗa baki tun da wuri suka ce ga wanda muke so, ga kuma dalilinmu, da wuya a yi musu zaɓen tumun dare. Kuɗin takarda ma, garin da yake iya haɗa kuɗin gina masallacin Juma'a da taransifoma ba zai kasa tsaya wa mutum guda ba, in ya yarda da shi. Su ma shugabannin jam'iyya, in suna da hangen nesa, riba ce gare su, domin kansilan da ya hana rikicin burtali ya sama musu ƙuri'un manoma da na Fulani a babban zaɓe, inda ba a lashe duka.

Mai ganin abin ba zai yiwu ba ya tuna da Wangari Maathai ta ƙasar Kenya. Da dashen itatuwa ta fara, ita da matan karkara, a 1977. A 1989 ta tsaya kai da fata ta hana a gina dogon bene a cikin lambun Uhuru na birnin Nairobi, ta sha zagi da duka da ɗauri a shekarun da suka biyo baya. Ta tsaya zaɓe a 1997 ta faɗi. Ta sake tsayawa a 2002 ta ci kujerar majalisar dokoki, kafin a ba ta lambar yabo ta Nobel a 2004. Ba ina cewa kowane malamin daji zai zama irinta ba. Abin lura shi ne faɗuwar farko ba ta sa ta koma gida ta naɗe hannu ba.

Wani abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Kason nan kashi 20.60 ne cikin ɗari, ba kuɗin wasa ba ne. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma duk ranar da kuɗin ya sauka hannun ƙaramar hukuma sosai, wa zai sa ido a kansa? Majalisar kansiloli ce doka ta ba ikon amincewa da kasafi, da yin dokokin cikin gida, da tambayar shugaba yadda aka kashe. Idan kansilolin 'yan amshin shata ne, waɗanda ba su iya karanta takardar kasafi ba, to, an dai sauya wa ɓarna mazauni ne kurum, daga babban birnin jiha zuwa sakatariya. Ku ɗalibai, musamman masu karatun aikin gona da gandun daji da tsara birane, wannan magana taku ce. Ba duka za ku sami kujera a ma'aikatar jiha ba, kuma mazaɓunku suna nan suna jiran mai ilmin da bai raina su ba.

Da ni ne zan ba kansilan mazaɓa irin Daura shawara, ba zan ce ya yi alkawarin titi ko asibiti ba, don ya san ba su cikin ikonsa, masu saurarensa ma sun sani. Zan ce a watanni ukun farko ya ɗauki littafi da abin awo, ya gayyaci dagaci da masu unguwanni da liman da arɗo da shugaban makaranta, su taka kowane fili na jama'a da ƙafa, su rubuta tsawonsa da faɗinsa da sunayen maƙwabtansa ta gabas da yamma da kudu da arewa, kowa ya sa hannu. A ajiye kofe ɗaya wurin hakimi, ɗaya a sakatariya, ɗaya a manna a makaranta inda kowa zai gani. Sa'an nan ya kai wa majalisa ƙudurin cewa ba za a yanka ko taku ɗaya daga filin da ke cikin littafin nan ba sai an karanta buƙatar a bainar jama'a. Wannan ba ya cin kuɗin da ya wuce na takarda da man babur. Bayan haka sai iyakokin da aka auna a kafa musu shaida mai rai, a jera darbejiya ko maɗaci a gefen maƙabarta da filin makaranta, a bar gawo da kuka su tsaya a bakin burtali, domin turken siminti ana tuge shi da dare, amma itacen da ya yi shekara biyar ba a matsar da shi a ɓoye.

Shi wanda ya yi aikin ya san lissafin lokacinsa. Ana zuba iri a leda tun watan Maris, ana dashe a Yuli ko farkon Agusta sa'ad da damina ta kankama, kuma kuɗin ledar da na mai ban-ruwa dole su shiga kasafin da ake tsarawa tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Kansilan da ya bari wannan kasafi ya wuce shi ya rasa damina guda cikin ukun da yake da su.